Yadda Ake Sauraron Ƙagaggun Labaran Ingila na Ƙarni na 19 Har a Kai Ƙarshe

Littattafan Jane Austen, Charles Dickens, 'yan gidan Brontë da George Eliot sun fi sauƙi a kunne fiye da a ido. A zamanin da aka rubuta su, al'ada ce a gidaje da yawa mutum ɗaya ya riƙa karantawa da dare, sauran iyali na saurare, kuma marubutan sun san da haka. Dickens da kansa, tun daga 1858, ya riƙa hawa dandamali yana karanta sassan littattafansa mutane na biyan kuɗin shiga, har ya kai wannan sana'a Amurka a 1867. Doguwar jimlar da ke wahalar da mai karatu a takarda, idan gwani ya karanta ta da murya, ya tsaya inda ya dace, ya ɗaga inda ya dace, sai ma'anarta ta warware.

Duk da haka, mutane da yawa kan fara sauraro su watsar tun ba a yi nisa ba, su ce Turancinsu ne bai kai ba. Sau tari laifin na wani wuri ne dabam: an fara da littafin da bai kamata ba, ko an faɗa hannun mai karatu marar daɗin murya, ko kuma waya ta hargitsa jerin babi-babi. Duk waɗannan suna da gyara.

Mataki na farko: littafin da za a fara da shi

Fara da duba tsawo. Mai karatu na sosai kan karanta kalma 150 zuwa 160 a minti ɗaya, wato wajen kalma 9,000 a awa. A wannan ma'auni, A Christmas Carol na Dickens, wanda ya fito a 1843, bai wuce awa uku da 'yan mintoci ba. Silas Marner na George Eliot wajen awa bakwai ne. Pride and Prejudice na kaiwa awa 11 zuwa 12, Jane Eyre da Great Expectations kowanne wajen awa 19, su kuwa Middlemarch, David Copperfield da Bleak House kowannensu ya haura awa 30.

Shawararmu ita ce a fara da gajere don kunne ya saba. A Christmas Carol kashi biyar ne kacal, mutanen cikinsa kaɗan, labarin kuma a miƙe yake: marowacin attajiri ne da fatalwoyi suka nuna wa abin da rowa ta yi wa rayuwarsa. Silas Marner ma ya dace, sai dai a shirya wa babi na 6, inda mutanen ƙauye ke hira a mashaya da karin harshensu. Ba sai an fahimci kowace kalma a wurin ba, labarin zai ci gaba da tafiya daidai.

Dogon littafi na farko ya zama Jane Eyre na 1847 ko Great Expectations. Dalili shi ne a cikinsu mutum ɗaya ke ba da labarin rayuwarsa da bakinsa tun daga yarinta, don haka kunne na bin murya ɗaya da hanya ɗaya. Pride and Prejudice ya fi su gajarta kuma kalmominsa ba su da nauyi, amma kusan duk daɗinsa a shaguɓe yake, kuma Austen kan jero magana bayan magana ba tare da ta ce wane ne ya faɗa ba. Gara ya zo na biyu ko na uku.

Wuthering Heights kuwa kada ya zama na farko, ko da yake ɗalibai da yawa sun san shi don ya kasance cikin littattafan adabi na WAEC na 2021 zuwa 2025. Labari ne cikin labari. Baƙo mai suna Lockwood ne ke rubutawa, amma mafi yawan abin da yake rubutawa daga bakin mai aikin gida Nelly Dean ya ji shi, ita ma wani lokaci maganar wasu take kawowa. Ga kuma lokaci na komawa baya shekaru da dama. Wanda jarrabawa ta tilasta masa, ya bi mataki na biyar da ke ƙasa sosai kafin ya kunna.

Mataki na biyu: muryar da za ta karanta

Nan ne aka fi yin sakaci, alhali muryar da za ka zauna da ita awa ashirin ta cancanci a tantance ta.

Duk waɗannan littattafai haƙƙin mallakarsu ya ƙare, don haka akwai su kyauta. Babbar taskar ita ce LibriVox, wadda aka kafa a 2005, inda masu aikin sa-kai ke karanta tsofaffin littattafai su ajiye wa kowa. Shahararren littafi kan samu karatu fiye da ɗaya a can, kuma iri uku ne. Akwai wanda mutum ɗaya ya karanta daga farko har ƙarshe, za ka ga an rubuta Solo. Akwai na haɗin gwiwa, inda kowane babi ke iya zuwa da sabon mai karatu. Akwai kuma na wasan kwaikwayo, inda kowane ɗan cikin labari ke da mai yi masa murya.

Ka ɗauki na mutum ɗaya. A na haɗin gwiwa, babi na 4 zai zo da lafazin Amurka, na 5 da na Ostareliya, wannan ya furta sunan mutum haka, wancan ya furta shi dabam, ƙarfin sauti ma ya riƙa hawa da sauka. Wanda Turanci harshensa ne na gado zai iya jurewa, amma mai koyo sai ya sake horar da kunnensa duk bayan rabin awa. Na wasan kwaikwayo yana da amfani a littafin da asalinsa mutane da yawa ne ke ba da labari bi da bi, kamar The Moonstone na Wilkie Collins na 1868.

Kafin ka sauke, gwada minti biyar daga tsakiyar littafin, wurin da mutum biyu ko uku ke magana. Babin farko ba ya nuna gwani, don yawanci bayani ne zalla. Abin dubawa uku ne: kana gane wa ke magana ba tare da an ambaci suna ba? Mai karatun na tsayawa a ƙarshen ma'ana, ko sai inda numfashi ya ƙare masa? Akwai amsa-kuwwar ɗaki ko ƙugi a bayan muryar? Ƙugin da ka jure na minti biyar zai zama ciwon kai a awa ta uku.

Masu halin saye za su samu karatun ƙwararrun 'yan wasa. Juliet Stevenson ta karanta Middlemarch da wasu littattafan Austen, Thandiwe Newton ta karanta Jane Eyre, Rosamund Pike ta karanta Pride and Prejudice, Miriam Margolyes kuma Bleak House. Bambancin a fili yake, musamman a Dickens, inda mutane ke da yawa kuma kowa da irin bakinsa. Sai dai shaguna irin su Audible na bukatar katin da ke biya da kuɗin waje, kuma fayilolinsu a kulle suke, a manhajarsu ake jin su.

Abu biyu za a kiyaye. Na ɗaya, a nemi kalmar Unabridged a jikin littafin, ita ke nuna cikakke ne. Idan ka ga Jane Eyre na awa uku, an datse shi ne ko kuma wasan rediyo ne. Wasannin rediyo na BBC suna da kyau a matsayin share fage, amma ba su ne littafin ba. Na biyu, muryar na'ura. Tana furta kalmomi daidai, amma takan karanta shaguɓe da murya ɗaya da ta'aziyya, kuma a littafin Austen wannan ya kashe rabin abin da aka zo nema.

Mataki na uku: saukewa da lissafin data

Fayilolin MP3 na LibriVox suna zuwa a mizanin ingancin sauti biyu, 64 da 128. Na 64 yana cin wajen megabait 29 a kowace awa, na 128 ninkinsa. Muryar mutum ba kiɗa ba ce, na 64 ya wadatar. Ke nan Pride and Prejudice zai ci kusan megabait 340, Jane Eyre wajen 550, Middlemarch kuma kusan gigabait ɗaya. A sauke da Wi-Fi ko da datar dare mai rahusa.

Idan ka sauke littafin gaba ɗaya, a dunƙule zai zo cikin fayil ɗin zip, sai an warware shi. Lokacin warwarewa waya na bukatar wuri ninki biyu, don haka littafin megabait 550 na son sarari fiye da gigabait ɗaya. Bayan ka tabbatar duk babi sun fito, goge zip ɗin. Inda sabis ke yawan yankewa, gara a sauke babi-babi daga shafin littafin a Internet Archive, inda LibriVox ke ajiye kayanta, domin babban fayil idan ya katse a tsakiya sau da yawa ba ya buɗuwa, data kuma ta tafi.

Sauraro ta YouTube ya fi tsada: kana biyan datar hoton da ba ka bukata, talla na katse jimla, kuma a manhajar kyauta sauti na tsayawa da zarar ka kashe fuskar waya.

Mataki na huɗu: manhajar sauraro

Kada ka yi amfani da manhajar waƙoƙi. Ba ta tuna inda ka tsaya, kuma tana iya cakuɗa babi da sauran abin da ke wayar. A Android akwai Smart AudioBook Player da Voice, a iPhone akwai BookPlayer. Buɗe folda ɗaya ta littattafai, kowane littafi da tasa foldar a ciki, sannan ka nuna wa manhajar babbar foldar.

Duba jerin babi kafin ka fara. Idan sunayen fayiloli sun tafi 1, 2, 3 ba tare da sifili a gaba ba, wasu wayoyi kan jera su 1, 10, 11, 12, sai daga baya 2 ya zo. Maganinsa a sake musu suna 01, 02, 03. Idan kuma babi-babi na kutsawa cikin jerin waƙoƙinka, saka fayil marar komai mai suna .nomedia a cikin foldar, Android za ta ɓoye su daga manhajar waƙa.

Saiti uku ke da muhimmanci. Saurin karatu: fara da 0.9, ko 0.85 idan mai karatun na da sauri, ka koma 1.0 bayan babi biyar ko shida. Ƙasa da 0.75 murya na jan jiki har jimla ta wargaje. Agogon barci: sa shi minti 20 ko ƙarshen babi, in ba haka ba za ka farka littafi ya yi tafiyar awa biyar. Sai komawa baya: sa manhajar ta riƙa ja da baya daƙiƙa 15 zuwa 30 duk lokacin da ka ci gaba bayan tsayawa. Idan sauti na mutuwa da kansa bayan fuskar waya ta yi duhu, tsarin tattalin batir ne ke kashe manhajar. Shiga saitin batir ka cire mata takunkumi.

Mataki na biyar: abin da za a sani kafin a kunna

Mai karanta takarda na iya juya shafi baya ya duba wane ne wane. Mai sauraro ba shi da wannan dama, don haka ya tanadi 'yar takarda ya rubuta sunaye da dangantaka yayin da suke fitowa. A guji taƙaitaccen labari na intanet, yakan tona ƙarshe tun a layin farko.

Sunaye ne tarko na farko. A al'adar lokacin, babbar 'ya mace ce kawai ake kira da sunan gida, ƙannenta sai a haɗa da sunansu na yanka. Saboda haka Miss Bennet a Pride and Prejudice Jane ce, ita kuwa jarumar Miss Elizabeth ce, wadda a gida ake ce wa Lizzy, wasu ƙawaye kuma Eliza. Miji da mata ma da sunan gida suke kiran juna, Mr Bennet da Mrs Bennet, kuma wannan ba alamar gaba ba ce. David Copperfield mutum ɗaya ne, amma za ka ji ana ce masa Davy, Trotwood, Trot, Daisy da Doady, ya danganta da mai kiran. A Wuthering Heights akwai Catherine biyu, uwa da 'ya, ga Hindley, Hareton da Heathcliff da ke kama da juna a kunne, ga kuma Linton wanda sunan gida ne kuma sunan wani yaro. Nan dole ne a zana bishiyar dangi.

Na biyu kuɗi. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, irin lissafin da aka yi amfani da shi a Najeriya kafin naira ta zo a 1973, don haka dattawan gida za su iya warware maka shi. Gini kuwa sule 21 ne. Abin da ya fi amfani shi ne riƙe ma'auni. Bob Cratchit, akawun da ke A Christmas Carol, sule 15 yake karɓa a mako, wato fam 39 a shekara, da su yake ciyar da mata da 'ya'ya. Jane Eyre fam 30 ake biyanta a shekara tana koyar da yarinya a gidan masu hali, ban da ci da kwana. Mr Bennet fam 2,000 ke shigo masa a shekara, Mr Darcy, attajirin saurayin da ke Pride and Prejudice, kuma 10,000. Da wannan a kai, duk inda aka ambaci kuɗi za ka san nauyin maganar.

Na uku gado, kuma shi ne ginshiƙin labarai da yawa. A wasu gidaje ana ɗaure gida da gonaki a kan magada maza kaɗai. Mr Bennet 'ya'ya mata biyar gare shi ba namiji, don haka ranar da ya mutu gidan zai koma hannun wani ɗan'uwa na nesa, Mr Collins. Wanda ya taso inda 'ya mace ke da rabonta a gado zai iya ɗaukar rawar jikin Mrs Bennet kan aurar da 'ya'yanta a matsayin shirme kawai, alhali tsoron rasa matsuguni ne. Haka kuma, kafin dokokin 1870 da 1882, abin da mace ta mallaka kan koma ƙarƙashin ikon miji da zarar an ɗaura aure. Ita kuma kalmar living, idan ana maganar malamin coci, kujerar limanci ce mai kuɗin shiga da gida, wadda sau da yawa mai ƙasar yankin ke bayarwa. Shi ya sa Mr Collins, wanda malamin coci ne, ke rusuna wa Lady Catherine da ta ba shi kujerar.

A kuma sani cewa littattafan na ɗauke da ra'ayoyin zamanin daular Ingila. Yadda aka siffanta wata mata 'yar Jamaika a Jane Eyre, da Fagin Bayahude a Oliver Twist, da dukiyar gonakin Antigua da ke riƙe da gidan da ke Mansfield Park, duk abubuwa ne da ya kamata a saurara da ido a buɗe, musamman idan da yara ake ji.

Mataki na shida: tsarin sauraron kansa

Babi uku na farko a ji su tare da rubutu a gaba. Ana samun rubutun kyauta a Project Gutenberg ko Standard Ebooks, kuma shafin kowane littafi a LibriVox na nuna rubutun da aka karanta daga ciki. Amfanin wannan shi ne ido ya ga yadda ake rubuta sunaye, kunne kuma ya ji yadda ake furta su. Daga babi na huɗu a ajiye rubutun, a riƙa komawa gare shi inda aka maƙale kawai.

Idan rubutu da murya suka saɓa, yawanci bugu ne ya bambanta. Pride and Prejudice ya fito a juzu'i uku, mai babi 23, da 19, da 19. Wasu bugu na ƙirga 1 zuwa 61 a jere, wasu na sake farawa a kowane juzu'i, don haka babi na 1 a juzu'i na biyu shi ne babi na 24. Frankenstein na Mary Shelley iri biyu ne, na 1818 da wanda ta gyara a 1831, kuma sun bambanta a wurare da dama. A Wuthering Heights, Charlotte Brontë ta sassauta karin harshen Yorkshire na tsohon bara Joseph a bugun 1850, bayan rasuwar ƙanwarta Emily wadda ta rubuta littafin, don haka maganarsa ba iri ɗaya ba ce a kowane bugu.

Yawan abin da za a ji a rana, marubutan sun riga sun auna shi. Great Expectations kashi 36 aka buga shi, mako-mako, a mujallar All the Year Round daga Disamba 1860 zuwa Agusta 1861, kuma kowane kashi a murya wajen rabin awa ne. Dickens ya gina kowane kashi ya ƙare a inda mutum zai ƙagu ya ji na gaba. Rabin awa zuwa minti 45 a rana zai kai ka ƙarshen littafin cikin mako huɗu zuwa shida, ba tare da kai ya ɗauki zafi ba. Jin awa huɗu ranar Lahadi sannan a bar shi kwana goma shi ke sa a manta mutane.

A haɗa sauraro da aikin hannu wanda ba ya bukatar tunani: wanki, guga, tafiya a ƙasa, zama a mota. Ba ya haɗuwa da karanta saƙonni, domin harshe biyu ba sa shiga kai lokaci ɗaya. Mai tuƙa babur ko mota kada ya toshe kunnuwansa.

Kalmar da ba ka sani ba, kada ka tsaya mata sai ta dawo sau uku ko ta hana ka gane abin da ya faru. Sa alama a manhajar, ka duba bayan babi ya ƙare. Karin harshen ƙauye, irin na Joe maƙeri a Great Expectations ko manoman littattafan Thomas Hardy, ya fi sauƙi a kunne fiye da a rubuce, don an rubuta shi ne yadda ake furtawa. Faransancin da yarinya Adèle ke yi a Jane Eyre ba a fassara shi a yawancin karatu. Masu sauraro daga Nijar, Kamaru ko Chadi za su ji abinsu, sauran kuma ba su yi babbar asara ba, surutun yara ne kan tufafi da tsaraba.

Idan ka farga hankalinka ya tafi, koma farkon babin, kada ka yi ta laluben daƙiƙar da ka ɓace. Idan kuma hutu ya kai mako biyu, koma baya babi biyu.

Manyan littattafan nan masu awa 30 suna bukatar ƙarin dabara. Middlemarch kashi takwas aka fitar da shi tsakanin Disamba 1871 da Disamba 1872, kuma kowane kashi wajen awa huɗu ne, don haka a ɗauke shi kamar littattafai takwas, a huta kwana ɗaya ko biyu a tsakani. A shirya kuma cewa bayan babi goma na farko labarin zai bar jarumarsa Dorothea ya koma kan likita Lydgate da wasu gidaje na garin. Ba fayil ne ya ɓata ba, za ta dawo. Bleak House kuwa masu ba da labari biyu ne ke karɓa-karɓa: wata murya marar suna da ke magana kamar abin na faruwa yanzu, da Esther Summerson da ke tuna abin da ya wuce. A nemi karatun da aka raba wa mutum biyu, ko wanda mai karatunsa ke sauya murya sosai tsakanin sassan biyu, sannan a gwada babi na 1 da na 3 kafin a sauke sauran, domin a na 3 ne Esther ke fara magana.